Yoyon Baƙin Mai a Tsohon Babur: A Gano Mafari Kafin a Ɗauki Sifana

Duk inda aka jingine tsohon babur ya kwana, da wuya gari ya waye ba a tarar da ɗigon baƙin mai a ƙarƙashinsa ba. Masu irin waɗannan babura sun rabu gida biyu a kan wannan ɗigo. Wasu sun sallama, sun ce ai tsufa ne, sai su shimfiɗa kwali a ƙasa, su riƙa ƙara mai duk mako. Wasu kuma ba su da wannan haƙuri, da sun ga laima sai su ɗauko sifana su ƙara tamke noti, ko su sa bakanike ya lafta gam a inda ya jiƙe. Hanyoyin sun bambanta amma kuskuren ɗaya ne, domin babu wanda ya tsaya ya tambayi ta ina man ya fito, kuma me ya ingizo shi. Waɗannan tambayoyi biyu su ne kusan dukkan aikin. Wanda ya amsa su daidai yakan gama gyara da wosha guda ko zoben roba na kuɗi kaɗan. Wanda ya tsallake su kuwa yakan sauke inji gaba ɗaya, ya yi asarar kuɗi, bayan mako biyu kuma ɗigon ya dawo inda yake.

Masu cewa tsufa ne suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Baburan da kamfanonin Ingila suka ƙera a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, irin su Triumph Bonneville da ya fito a 1959, da Norton Commando na 1967, da na BSA, da Royal Enfield Bullet, sun yi ƙaurin suna wajen zubar da mai tun suna sababbi. Akwatin ƙasan injinsu, inda karanshaf ke juyawa, ɓari biyu ne, na dama da na hagu, saboda haka layin haɗin ya ratsa ta gindi, daidai inda mai ke taruwa. Man da ke zuwa kan inji ta bututun waje yake bi, kowane bututu da mahaɗarsa. A injin Triumph, sandunan da ke tura bawul suna cikin wasu bututu ne na daban, kowanne da robarsa sama da ƙasa. Silindar ta baƙin ƙarfe ce, kanta kuma na alminiyam, shi kuwa alminiyam in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka duk ɗaukar zafi da hucewa sai mahaɗar ta ɗan motsa. Wasu ma da gangan aka yi musu 'yar kafa da ke ɗiga wa sarƙar baya mai. Lokacin da Honda ta fito da CB750 a 1969, mai akwatin da ya rabu sama da ƙasa, masu saye suka ga ashe babban babur yana iya kwana bai ɓata daɓe ba.

Sai dai wannan tarihi bai isa ya zama hukuncin cewa yoyo ƙaddara ce ba. Ƙananan baburan Honda, kamar Super Cub na 1958 da CG125 na 1975, waɗanda 'ya'yansu da kwaikwayonsu suka cika titunanmu, su ma akwatinsu ɓari biyu ne dama da hagu, amma ba a san su da zubar da mai ba, saboda fuskokin da ke haɗuwa an goge su sumul, robar da ta toshe kafofin kuma mai inganci ce. Abin da ke riƙe mai a cikin inji ke nan: fuska ta zauna daram a kan fuska, roba tana da ranta, iska kuma ba ta cunkushe a ciki ba. Duka ukun ana iya dubawa, ana iya gyarawa, ko da babur ya shekara hamsin. Abin da za a yarda da shi kawai shi ne bambancin naso da yoyo. Naso shi ne 'yar laimar da ƙura ke mannewa a kai, wadda ba ta taruwa har ta ɗiga, ba ta kuma rage mai a geji, wannan ana goge shi a sa masa ido. Amma man da ya ɗiga ƙasa, ko ya fantsama a ƙafar wando, ko ya sa geji ya sauka tsakanin juye da juye, ya wuce a kira shi halin tsufa.

Tambaya ta farko ita ce ta wuri, kuma a nan ido ya fi yaudara. Duk wanda rufin ɗakinsa ya taɓa yoyo ya san ruwan yakan shiga ta hudar kwano a can gefe, ya bi katako, ya zo ya ɗiga a tsakiyar ɗaki. Haka mai yake yi a jikin inji. Nauyinsa yana jan shi ƙasa, iskar gudu tana kora shi baya, haƙarƙarin da ke jikin silinda kuma yana zagayawa da shi daga dama zuwa hagu. Saboda haka injin da ya yi daƙal da tsohon mai da ƙura ba ya nuna komai sai an wanke shi. A bari ya huce, a wanke da kananzir ko sabulun cire maiƙo da buroshi, a guji fetur don yana kama wuta. In ya bushe ƙayau, a barbaɗa farar hoda a duk mahaɗai. Sai a tayar da inji na 'yan mintoci, a haska da tocila. Mai zai zana baƙin layi a cikin hodar, kuma wurin da ya fi kowane sama, ya fi kowane gaba, shi ne mafari. In bai nuna a tsaye ba, a ɗan zagaya da babur a dawo a sake dubawa tun kafin man ya bazu. Akwai kuma rini na musamman da ake zubawa a mai, wanda ke walƙiya a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, amma hoda ta wadatar a yawancin lokuta.

Wannan ɗan gwaji yakan wanke wuraren da aka saba ɗora wa laifi. Man da aka gani kwance tsakanin silinda da kanta, nan take ake cewa gaskit ɗin kai ya ƙone, aikin da ke buƙatar sauke tanki da salansa da kafireto. In an bi layin hoda zuwa sama, sau da yawa sai a tarar ya faro ne daga murfin da ake buɗewa a saita bawul, inda zoben roba ya bushe ya zama kamar ƙashi, ko daga woshar jan ƙarfe ta bututun mai, ko daga inda wayar agogon inji ta shiga. Haka baƙin kwaɓin da ke taruwa bayan ƙaramin siforoket, yana iya zama robar da ke rungume da shaf, wato oyil sil, ce ta saki, yana kuma iya zama man da aka lafta wa sarƙa ne take watsarwa. Ko ruwan da ya ɗiga ma sai an tantance shi, domin man inji baƙi ne, man giya a baburan da giyarsu take a akwati daban yana da warin da ba ya ɓuya, man shokar gaba kuwa yakan gangaro ta ƙafar babur iska ta kai shi jikin inji. A masu haɗa mai da fetur, irin tsohuwar Vespa, baƙin da ke ɗiga a bakin salansa man da bai ƙone ba ne, maganinsa yana wajen awon haɗi da kafireto.

Tambaya ta biyu, wato me ya ingizo man, ita aka fi mantawa, alhali ita ke bayyana yoyon da ya ƙi jin magani. Duk lokacin da fistin ya sauko, yana matse iskar da ke ƙarƙashinsa. A tagwayen silinda na Ingila fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, don haka injin mai girman 650 yana matse kusan kashi biyu cikin uku na lita na iska a kowane juyi, in kuma yana juyi 4,000 a minti, abin yana faruwa fiye da sau 66 a daƙiƙa guda. Domin wannan aka yi wa kowane inji, ban da masu haɗa mai da fetur, tiyon numfashi. In tiyon ya lanƙwashe, ko kwaɓi ya cika shi, ko zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakinsa lokacin da babur ke ajiye, iskar za ta nemi mafita ta duk inda ya fi rauni, ta kuma tafi da mai. Haka abin yake in an cika mai ya wuce layin geji, wanda yakan faru idan an auna babur yana kishingiɗe maimakon a tsaye sosai a wuri mai daidaito. Haka in kafireto yana tsiyayar da fetur cikin inji, mai ya ƙaru ya tsinke yana warin fetur. Haka kuma in zobban fistin sun cinye, hayaƙin ƙuna yana kurɗawa ƙasa, alamarsa shuɗin hayaƙi a salansa da huci mai ƙarfi a tiyon numfashi. Injin da ke yoyo ta wurare uku ko huɗu a lokaci guda, ko wanda aka sa wa sabon sil ya sake saki cikin kwanaki, matsi yake nunawa, kuma ko an sauya gaskit goma ba zai daina ba.

Akwai wani yanayi da ya keɓanta da baburan da tankin mansu yake daban da inji, musamman Norton da BSA. Idan irin wannan babur ya daɗe a ajiye, mai yakan silale a hankali ta famfo ya taru a gindin inji. Mai babur ya buɗe tanki ya ga ya kusa ƙafewa, sai ya cika shi, da ya buga kik kuwa famfo ya mayar da wancan na ƙasa, tanki ya tumbatsa, mai ya yi ta feshi ta numfashi, salansa tana turnuƙe unguwa. Wanda bai san wannan ba zai rantse inji ya fashe. Abin yi shi ne a kwance notin gindi a tsiyaye man a mayar tanki kafin a tayar, a kuma auna mai bayan inji ya yi aiki na 'yan mintoci. Gyara na dindindin yana wajen famfon da bawul ɗinsa. Wasu suna ɗaura makunni a tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo don su riƙa rufe mai, dabarar da ke aiki har ranar da aka manta ba a buɗe ba, ranar kuwa inji ya tashi aiki.

In bincike ya tabbatar gaskit ne ko fuskar haɗi, a nan ma hannu yana buƙatar tunani. Ƙara tamke noti shi ne ake kira garin neman gira a rasa ido. Murfin alminiyam yana lanƙwashewa tsakanin noti da noti, gaskit yana murƙushewa, tiredi kuma yana zarewa. Noti mai kaurin milimita 6, wanda shi ya fi yawa a murafen baburan Japan, ba ya son fiye da kusan awo 10 na Newton-mita, ƙarfin wuyan hannu ke nan da gajeriyar sifana. Ana ɗaurawa ne a gicciye, kaɗan-kaɗan, har kowanne ya zauna. Kafin nan sai an kankare tsohon gaskit tas ba tare da an yi wa fuskar rauni ba, domin yawancin tsofaffin injuna suna ɗauke da tabon sukudireban da wani ya taɓa cusawa don ya ɓamɓare murfi. Murfin da ya karkace ana daidaita shi a kan gilashi mai kauri da aka shimfiɗa wa sanfefa mai laushi, ana murzawa a zagaye har duk fuskar ta yi launi ɗaya, wurin da ya rage da duhu shi ne kwarin da mai ke bi. A kuma lura tsofaffin baburan Ingila da awon inci aka yanka notinsu, irin su Whitworth da BSF, na Japan kuwa da milimita, tilasta wa ɗaya shiga ramin ɗaya kashe tiredi ne. Tiredin da ya mutu ana dasa masa sabo na waya, wanda aka fi sani da Helicoil.

Mai son gam zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, tunda bututu guda na silikon yana tsayar da yoyo cikin sa'a ɗaya. Amma na farko, gam ɗin da aka shafa ta waje a kan fuska mai maiƙo ba ya kamawa, ɓoye mafarin kawai yake yi. Na biyu, wanda aka lafta a ciki ya fi haɗari, domin in an ɗaure noti, yadda ya tsattsafo ta waje haka ya tsattsafo ta ciki, kuma na cikin yana yankewa ya bi mai. Zai tsaya a rariyar famfo, ko a kafar da ke kai mai kan silinda, wadda a wasu injuna ba ta fi tsinken ashana faɗi ba. Da yawa daga baburan Honda na shekarun 1970 kamshaf ɗinsu kai tsaye yake juyawa a jikin alminiyam ɗin kan silinda, in mai ya yanke masa na 'yan mintoci, kan gaba ɗaya ya lalace. Gam yana da muhallinsa, wato inda maƙera suka tsara ƙarfe ya haɗu da ƙarfe babu gaskit, kamar ɓarin akwatin wasu injuna, a nan ake shafa irin su ThreeBond ko Hylomar shafe ɗaya siriri. Amma inda aka tsara gaskit, kaurinsa wani lokaci shi ke ba shaf tazarar juyawa, cire shi a sa gam kaɗai yana iya matse abin da ya kamata ya yi yawo.

Oyil sil kuma, wato robar da ke rungume da duk shaf ɗin da ya fito waje, kamar na kik da na giya da na siforoket, ba ya mutuwa haka kawai ko da yaushe. Tsufa yana busar da shi, gaskiya ne, amma kafin a buga sabo sai a girgiza shaf ɗin. In yana wasa, boris ne ya cinye, kuma shaf mai rawa zai buɗe bakin kowane sabon sil. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana jawo wannan, haka zare ko leda da suka nannaɗe bayan siforoket suna yanka leɓen robar. A kuma bi shaf ɗin da farce, in an ji kwarmi a inda tsohon sil ya daɗe yana gurza, sai a zaunar da sabon gaba ko baya kaɗan don leɓensa ya samu sabon wuri. Gefen da ke da ɗan sifirin shi ke duban mai. A shafa wa leɓen mai, a naɗe haƙoran shaf da salatif don kada su yage shi, a buga shi a miƙe. Woshar notin juye mai ta alminiyam sau ɗaya ake amfani da ita, ta jan ƙarfe kuwa in ta taurare ana gasa ta har ta yi ja a bar ta ta huce, sai ta koma da taushinta.

Saura masu lissafi, waɗanda ke cewa ƙara mai ya fi gyara araha. Lissafin zai yi daidai da a ce kuɗin mai kaɗai ake asara. Ƙaramin babur ba ya ɗaukar fiye da lita ɗaya ko kusa da haka, kuma a injin da iska ke sanyaya shi, man yana ɗauke zafi ban da santsin da yake bayarwa. Yoyon da ke ɗigo uku a tsaye yana iya zama tsiyaya a kan doguwar hanya, inda zafi ya tsinka mai, matsi kuma ya ƙaru, babu kuwa mai duba geji yana cikin gudu. Man da ya haɗu da ƙurar hunturu yana lulluɓe haƙarƙarin silinda, inji ya riƙa zafi fiye da kima. Wanda ya shiga wajen kwantak yana sa wuta ta riƙa yankewa. Mafi muni shi ne iskar da ke kora mai baya, tayar baya take kai shi da birkinta, taya mai maiƙo kuma a kwana take nuna halinta. Zuba mai mai kauri fiye da wanda aka tsara ko ruwan toshe yoyo ba mafita ba ne. Na farko yana jinkirin isa sama da safe, na biyu kumbura roba yake yi na ɗan lokaci, wasu ƙare-ƙaren kuma suna sa kulocin da ke wanka cikin man inji ya riƙa zamewa.

Ƙorafin rashin kayan gyara ya fi sauran ƙarfi, domin babur ɗin da aka daina ƙerawa shekaru arba'in da suka wuce ba kowane shago ke da kayansa ba. To amma abubuwan da ke tsayar da mai su ne mafi sauƙin samu. Oyil sil da awo ake sayen sa, lambobi uku ne a jikinsa, misali 20-35-7, wato faɗin ciki da faɗin waje da kauri a milimita, kuma masu sayar da boris suna da su ko ba su taɓa jin sunan babur ɗin ba. Zoben roba ma haka, muddin irin mai jure mai da zafi ne. Gaskit ɗin murfi ana yanka shi daga takardar gaskit ta ainihi mai kaurin tsohon, ana shafa ɗan mai a fuskar murfin a danna a kan takardar, siffar ta fito a bi ta da almakashi. Kwalin sabulu ko na madara ba ya maye gurbinta, jiƙewa yake ya ruɓe. Gaskit ɗin kan silinda ne kawai ba a yi masa dabara irin wannan, sai nasa. Akwatin da ya tsage kuwa sai gwanin waldar alminiyam, bayan an kwance an wanke, domin mai yana shiga jikin tsagar ya hana walda kamawa.

Wannan duka yana ba mai babur ma'aunin da zai gane aiki na ƙwarai ko bai taɓa riƙe sifana ba. Kafin a kwance noti ko ɗaya, ya nemi a wanke injin, a nuna masa inda layin mai ya faro. Ya tambaya ko an busa tiyon numfashi an ji iska na wucewa, ko an auna mai babur yana tsaye, ko an shaƙi man an ji babu fetur. Bakaniken da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, don su ne hanyar da shi ma yake bi. A fara da abin da ya fi sama kuma ya fi araha, a gyara abu ɗaya a lokaci guda, a sake barbaɗa hoda a gwada, sannan a wuce na gaba. In an gama, tsohon man da aka juye a zuba shi a galan a kai wa masu karɓa, kada ya tafi kwata ko kusa da rijiya. Wanda ya bi wannan tsari, ko bai samu inji busasshe ƙayau ba, zai san wace laima ce zai iya zama da ita, wace ce kuma ba za a hau hanya da ita ba.